Wuri Ɗari Biyu

A zamanin da Ɗan Baskore ke sarautar Maraɗi, tun kafin Turawa su shigo Katsina a 1903, mutanen ƙauyukan yankin Riko na Jibiya suna cikin tsaka mai wuya. Babu iyakar da muka sani yau, babu jami'an kwastan, amma akwai gaba. Tun da Ummarun Dallaje ya karɓi birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, mahayan ɓangarorin biyu ba su daina kai wa juna hari ba. Duk wanda ya fito daga wannan shiyya ya doshi birni, sai an kalle shi an sake kallo.

Wata kaka, bayan an gama sussuka, wani dattijo ya labta wa jakuna biyu gero, ya haɗa ɗansa saurayi da 'yan garinsu masu zuwa cin kasuwar birni. Wannan ne zuwan yaron na fari.

Suka iso Ƙofar Guga da hantsi. Sarkin ƙofa na zaune a inuwar soro, ya tambayi inda suka fito, ya karɓi abin da aka saba bayarwa, suka wuce. Yaron ya zaci yana shiga zai ci karo da gidaje, sai ya ga gonaki da kangaye shimfiɗe a cikin ganuwa. Haka Bature Heinrich Barth ya tarar da garin a 1851, domin yaƙi ya kori fatake da yawa zuwa Kano. Sai da suka yi tafiya mai ɗan nisa kafin hayaniya ta tare su: ƙarar guduma a maƙera, bugun mabuga kan baƙin zane har ya ɗauki ƙyalli, warin baba daga marina, dukawa na rina fata ja, almajirai na rera karatu a zauruka, ga Hasumiyar Gobarau tsaye bisa kowa. A kasuwa Buzaye sun sauke gishiri da kanwa, fatake sun kwance huhun goron Gwanja suna yayyafa masa ruwa, mata na kiran fura da nono.

Wata tsohuwa ma'auniya ta saye geronsa duka. Kuɗin lokacin wuri ne, kuma ƙirga shi aiki ne mai cin yini: a ja biyar-biyar da yatsu, a tara ɗari-ɗari, sai ya kai 20,000 a ce keso guda. Tsohuwar tana ƙirga tana amsa gaisuwa, tana tsawata wa jikokinta. Ta zuba masa a jaka, ya yi godiya ya tafi.

Da la'asar sakaliya, daf da ƙofa, ya zauna gindin tsamiya ya sake ƙirgawa kamar yadda ubansa ya umarce shi. Ya ƙirga, ya maimaita. Wuri ɗari biyu sun yi sama.

Babban cikin 'yan garinsu ya ce, "Kai yaro, rabonka ne ya rantse. Tashi mu fita, rana ta yi ƙasa."

"Baba, ba gerona ya kawo su ba."

"In ka koma, ƙofa za ta rufe da kai a ciki. Wa ka sani a garin nan?"

Gaskiya dattijon ya faɗa. Da magariba ake jan ƙyauren, ba a buɗewa sai gari ya waye, kuma baƙon da dogarai suka tsinta da dare ba shi da masauki ya shiga uku. Haka tsoffin birane da yawa suke. Har Beijin ta ƙasar Sin, a zamanin sarakunanta, rufe ƙofofinta ake yi da dare, kuɗin talakawanta kuma 'yan ƙarafa ne masu huda a tsakiya da ake zargawa a igiya. Littattafan tarihi sun fi son zancen ganuwa da sarakuna, amma ni a ganina abin da ya riƙe irin waɗannan garuruwa shi ne mutanen da ke ƙirga ƙananan kuɗi a gaban juna kullum, babu takarda, babu shaida.

Yaron ya juya jakunansa. Ya tarar tsohuwar na tattara ƙorenta. Ya durƙusa ya zube wurin a gabanta.

Ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Ɗan nan, ka san an rufe ƙofa?"

"Na ji ƙararta, Inna."

Ba ta ƙara cewa komai ba. Ta sa jikanta ya ɗaure jakunan, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo tuwo da miyar kuka. Washegari ya bi wani ayari ya koma gida, inda ya sha faɗan uwarsa da ta kwana ba ta runtsa ba.

Shekara ta zagayo. Mahayan Maraɗi suka kore shanu a kusa da birni, gari ya ɗauki zafi. A ranar ne yaron ya iso Ƙofar Guga shi kaɗai da geronsa. Dogarai suka cafke shi, suka ce ɗan leƙen asiri ne, suka ɗaure masa hannu ta baya. A wancan zamani wanda aka ɗaure haka yana iya wayar gari a matsayin bawa.

Sarkin ƙofa ya ce, "Samari, wane ne maigidanka a birni?"

"Ranka ya daɗe, ba ni da maigida. Sai wata ma'auniya a kasuwa."

Dogarai suka fashe da dariya. Manyan fatake attajirai ke tsaya musu, wannan kuwa mai awon gero ya kira. Duk da haka sarkin ƙofa ya aika.

Ta zo tana dogara sanda, garin gero har gwiwar hannu. Ta gaida sarkin ƙofa, ta ba shi labarin wurin tun daga farko. Sannan ta ce, "Wanda ya kwana a garin da bai san kowa ba don ya maido mini ɗari biyu, ba shi zai sayar da birni ba. Na tsaya masa. In an same shi da laifi, a zo a kama ni, kowa ya san rumfata."

Sarkin ƙofa ya yi shiru, ya dubi yaron, sannan ya ce a kwance shi.

Tsohuwar ba ta jira godiya ba. Ta ce, "Kora jakunanka mu tafi, ɗana. Na bar awo a hannun yara."