Cinikin Abin da Ido Ba Ya Gani

Kakata ba ta taɓa sayen gero a kasuwar Maraɗi ba sai ta nutsa hannu cikin buhu har gwiwar hannu. Daga can ƙasa take ɗebowa, ta hura, ta jefa ƙwaya biyu a baki ta tauna. In an jiƙa shi don ya yi nauyi, ko an cakuɗa shi da yashi, haƙorinta zai gaya mata kafin mai kaya ya buɗe baki. A kan wannan aka gina tarbiyyar cinikinmu: ga kaya, ga ido. In ka gani ka saya, ruwanka. In kuwa an ɓoye maka aibu, algus ne, alhakin yana wuyan mai sayarwa.

Alawa ce ta tuno mini da ita. Ɗiyata ta sayo wata fara fat a kantin unguwa, na karɓi ledar ina karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, sai na ci karo da E171. Wani farin gari ne na sinadarin taitaniyom da ake sa wa alawa da cingam don su yi haske. Ba ya ƙara daɗi, ba ya ƙara ƙoshi, ado ne kawai. Faransa ta dakatar da shi a abinci tun ranar 1 ga Janairun 2020. A 2021 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce ba za ta iya ci gaba da kiransa marar illa ba, a 2022 aka hana shi a duk ƙasashen tarayyar. Ba wai sun kama shi yana kashe mutane ba ne. Wani kaso na ƙwayoyinsa ne ƙanana ƙwarai, kuma masanan sun kasa kawar da shakkar cewa zai iya taɓa ƙwayoyin gado na jikin mutum. Amurka da Ingila sun duba, suka bar shi a kasuwa. Ni kuma ina tsaye da leda a hannu, yarinya tana jiran in mayar mata.

Ƙanƙantar da ake magana a kai ta wuce abin da hankali ya saba. A raba mita ɗaya gida biliyan, kowane gida shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita wajen 80,000. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne abu yakan sauya hali idan ya kai wannan ƙanƙanta. Zinariya da muka sani rawaya, idan aka mayar da ita ƙwayoyi masu ƴan nanomita goma-goma aka zuba a ruwa, ja take komawa. A gidan tarihi na Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa, na ƙarni na 4, wanda yake kore idan haske ya faɗa masa ta gaba, ya koma ja idan hasken ya ratso ta baya, saboda irin waɗannan ƙwayoyi na zinariya da azurfa. Masu yin sa ba su san dalili ba. Mu yanzu mun sani, har a 1989 masanan kamfanin IBM suka jera ƙwayoyin zarra 35 ɗaya bayan ɗaya suka rubuta sunan kamfaninsu da su.

To ga inda tambayar take. Idan suna bai sauya ba amma hali ya sauya, me aka sayar mini? Mai kanti bai yi ƙarya ba, bai ma san me E171 ke nufi ba. Kamfani ya rubuta abin da ya zuba. Ba wanda ya ɓoye aibu, domin har yau masana ba su daidaita a kan ko aibun yana nan ba. Kalmar algus ba ta kama kowa a nan, amma duk da haka cikin yarinyata ne za a yi gwajin.

Za a ce ina neman tsoro inda babu. Sai dai duniya ta taɓa bin wannan hanya. An daɗe ana yabon asbestos don ba ya cin wuta, aka yi rufi da bututu da shi ko'ina. Zarensa siriri yana shiga huhu ya zauna, cutar kansa ta fito bayan shekara ashirin, talatin ko fiye, lokacin da mai masana'anta ya riga ya ci riba ya yi gaba. Faransa ba ta hana shi ba sai 1997. A 2008 wasu masana a Edinbura suka gwada dogayen bututun kabon na nano a jikin ɓeraye, suka ga kumburi irin wanda asbestos ke jawowa. Wannan karon an yi tambayar da wuri, kuma abin yabo ne. Mu kuma a Nijar ba sai an ba mu labarin abin da ba a gani ba. A 2003 wata ƙungiyar masana ta Faransa, CRIIRAD, ta je Arlit da na'urar awo, ta tarar ana sayar da tsoffin ƙarafa masu tururin yuraniyom a kasuwa. Wanda ya sayi ƙarfen ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya ga ƙarfe ne mai kyau. Idonsa bai yi masa ƙarya ba, amma bai amfane shi da kome ba.

Ban yarda da masu cewa a guji duk wani sabon ilimi ba. Wasu daga cikin alluran korona da aka fara yi a ƙarshen 2020 da wannan fasaha aka haɗa su: ɗan ƙunshin kitse na nano ne ke ɗaukar saƙon ya kai shi cikin ƙwayoyin jiki. Na kuma ji da kunnena ana rantsuwa a majalisa cewa an saka na'urar leƙen asiri a cikin allura, mutane suka ƙi zuwa. Wanda ba ya iya gani, komai aka gaya masa zai iya ɗauka, na gaskiya da na ƙarya. Jahilci ɗaya ne ke sa wani ya haɗiye duk abin da aka miƙo masa, ya sa wani ya ƙi maganin da zai cece shi.

Shi ya sa nake ganin ba daidai ba ne a auna allura da alawa da mudu ɗaya. Marar lafiya, ko wanda annoba ta tunkaro, yana karɓar kasada don a ba shi wani abu mai girma, kuma an yi gwaji a kan dubban mutane kafin a zo gare shi. Mai shan alawa me aka ba shi a madadin kasadar? Farin launi. Idan amfanin na kamfani ne, shakkar kuma ta jikin ɗan wani ce, to wanda ke cin riba shi ya kamata ya kawo hujjar cewa babu illa, tun kafin kaya su bar masana'anta. Bai kamata a jira uwa a Tasawa ta tabbatar da cuta bayan shekara talatin ba, ita da ko asibiti sai ta yi tafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabon ido a duniya. Bature ma ba ya ganin nanomita, amma ya yi hayar masu gani: ɗakunan gwaji, hukumomi, ƴan majalisar da ke tsoron ƙuri'arsa. Idan suka rufe ƙofa, kayan ba sa ɓacewa, wata ƙofar suke nema, kuma tamu a buɗe take. Ba na zargin jami'in da ke bakin iyaka; takarda yake dubawa da ranar lalacewa, abin da aka ba shi ke nan. Ko hukuncin da na yanke a kan alawar nan, aro na yi daga wata hukuma da ke Italiya wadda ba ta san da zamana ba.

Ban mayar mata da ita ba. Ta yi kuka, na ba ta dala ashirin ta sayo alawar madara wurin maƙwabciyarmu, wadda nake ganin tukunyarta daga ƙofar gidana. Da dare ina wanke baki, na juya bututun man goge haƙori, na ga lambar CI 77891. Sinadarin nan ne dai, da wani suna.