Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa: Darasi Daga Masu Lanƙwasa Haske

Ya ku ƴan'uwa, shin wajibi ne ɗa ya riƙe sana'ar ubansa ko da ta daina ciyar da gida? Mu duba lamarin ta wata sana'a ta nesa.

A shekarar 1898 aka gano iskar niyon a Landan. A 1910 wani Bafaranshe, Georges Claude, ya nuna fitilarta a Paris. Mai wannan aiki yakan gasa siririn bututun gilashi a wuta har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi ya zama harafi, yana hura iska ciki don kada ya liƙe. Sannan ya zuƙe iskar ciki, ya ɗura niyon, ya ba shi lantarki, sai ya yi ja kamar garwashi. Hannu ba ya sanin wannan sai bayan shekaru, shi ya sa a wasu gidaje uba ke koya wa ɗa.

A Hong Kong allunan niyon sun taɓa cika tituna. Da fitilun LED masu araha suka shigo, hukuma kuma ta tsaurara dokar rataye alluna, sai aka yi ta sauke su. A 2015 aka cire shahararriyar saniyar niyon ta wani gidan abinci, aka kai ta gidan tarihi na M+. Gwanayen da suka rage ƙalilan ne.

To, ina haƙƙin ɗa? Ciyar da iyali ya fi kusa da wuyansa, don haka babu laifi idan ya nemi wata hanya, kuma bai kamata uba ya ɗaure shi da tsoron fushinsa ba. Amma gadon sana'a kashi biyu ne. Akwai abin da ake sayarwa, wanda kasuwa ke iya kashewa. Akwai kuma sanin da ke hannu, tare da haƙuri da kyautata aiki. Wannan amana ce, kuma nauyinta ya fi kan uba. Idan ya ɓoye saninsa don ɗansa kaɗai, ɗan kuma ya ƙi, to da shi za a binne shi. Idan ya koya wa ɗan maƙwabci mai so, ya sauke nauyi.

Ɗa kuwa, in ya tafi da gaskiyar ubansa da ingancin aikinsa zuwa kowace sana'a, ya gaje shi. Allah Ya sa mu dace.