Ƙahon da ke Riƙe Waƙa daga Ƙasa

Idan ikkilisiya a Jimeta ta tara baikon da zai sayi ƙaho ɗaya tak don masu busa, yawanci hankali yakan tafi ga ƙaramin ƙaho mai zaƙin murya, wanda ake ji tun daga bakin titi. Ni dai ina ganin mai kaurin murya ya kamata a fara saya, kuma dalilina na ibada ne. A sujada jama'a ce ke yabo, kayan busa kuwa mataimaka ne. Littafin Tarihi na Biyu sura 5 ya ba da labarin firistoci 120 masu busa ƙaho a ranar keɓe Haikalin Sulemanu, amma abin da ya jaddada shi ne yadda busa da waƙa suka haɗu suka zama murya guda. Ƙaho mai zaƙi yakan hau kan muryar mutane har su yi shiru suna saurare. Mai kauri kuwa ƙarƙashinsu yake shiga ya tallafe su, sai tsoho mai rawar murya ya samu inda zai jingina, kamar ginshiƙin da ke ɗauke da jinka. Ekklesiyar Lutheran ta LCCN, wadda ta samo tushe a Numan da zuwan Dokta Bronnum ɗan Denmak a 1913, ta gaji koyarwar Luther cewa waƙa ta taron masu bi ce gaba ɗaya, kuma wannan gado ya isa ya shiga cikin shawarar abin da za a saya.

To wanne daga cikin masu kauri? Tuba, wadda aka ƙera a Balin a 1835, ta fi kowa zurfi, sai dai tsada da nauyi, kuma yaron Birged da zai ratsa da ita cikin zafin Yola na watan Maris zai sha wuya. Turombon yana da daɗi, amma sandar da ake ja tana lanƙwashewa da ɗan bugu kaɗan, ƙurar hunturu kuma tana cije ta. Yufoniyam nake zaɓa: muryarta daidai take da ta maza, tana iya riƙe ƙasan waƙa, tana kuma iya jan kan waƙar idan 'yan kwaya sun yi rauni.

Wani zai ce kibod ma tana ba da wannan kauri, kuma ta fi araha. Gaskiya ne, har sai an ɗauke wuta, ko an fita zagayen Lahadin Dabino, ko an tsaya a bakin kabari. Ƙari ga haka, mai busa da numfashi yake aiki, dole ya tsaya inda mawaƙa ke shaƙar iska, don haka ba ya tsere musu. Wani kuma zai ce ƙaho na shela ne, kamar kakakin fadar Lamiɗo, me ya sa za a ɓoye shi? Ai Littafin Ƙidaya sura 10 ya ba ƙahonin azurfa biyu aikin kiran taro. Amma da zarar taro ya hallara, aikin da ya rage shi ne taimakon waɗanda aka kira su buɗe baki. Hujjar masu suka da ta fi nauyi ita ce matasa ba sa son kayan da ba a lura da mai busa shi. Nan dattawan ikkilisiya ke da aiki: Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa gaɓoɓin jiki da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su, kuma yaron da aka miƙa wa yufoniyam ya cancanci a koya masa wannan tare da yadda ake danna maɓallai.