Kasaru a Tafiyar Jidda Zuwa Madina Cikin Jirgin Sama

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da takan taso tsakanin maniyyata a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni idan lokacin aikin Hajji ya ƙarato. Alhajin da ya tashi daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz a Jidda, wanda aka buɗe a 1981, zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz a Madina, kusan sa'a guda zai yi a sama. To, wanda ya yi tafiyar sa'a guda a zaune, ba gajiya ba ƙishirwa, shin matafiyi ne da zai yi sallar kasaru?

Amsa ita ce matafiyi ne, domin malaman Malikiyya da nisa suke auna tafiya, ba da sa'o'i ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya ƙayyade nisan da baridi 4, watau mil 48, wanda ake kimanta shi da kilomita 80 da 'yan kai. A cikin Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya kawo cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi kasaru a misalin nisan Makka da Jidda. Tsakanin filayen nan biyu kuwa ya haura kilomita 300 ta sama, ta mota kuma ya haura 400. Saurin jirgi bai rage ko taku ɗaya daga wannan nisa ba.

Asalin hukuncin yana aya ta 101 a Suratun Nisa'i, hadisin Sayyidina Umar a Sahihu Muslim kuma ya nuna kasaru sadaka ce daga Allah, an umarci bayi su karɓa. Saboda haka alhaji zai sallaci Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu da zarar ya fita daga gidajen gari. Asuba da Magariba ba a rage su.

Amma fa a kula da abu biyu. Wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a Madina, kasaru ta yanke masa da isarsa. Wanda kuma ya bi limami mazaunin gari, kamar a Masallacin Annabi, sai ya cika raka'a huɗu tare da shi.

Sai dai kaico, wani yakan ƙi kasaru yana zaton hakan tsoron Allah ne, wani kuma ya kwana takwas a masauki yana ta raka'a biyu shi kaɗai. Dukkansu sun saɓa. Ya kamata maniyyaci ya zauna gaban malaminsa ya san hukuncin nan tun bai bar Kano ba.

Allah Ya karɓi ibadar alhazai, Ya komo da su gida lafiya, amin.