A Ja Wa Soro Rawani: Tsaron Yara Masu Larurar Down

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8, Nehemiya 4:7-9, Luka 2:41-50

Cikin dokokin da Ubangiji ya ba Isra'ilawa ta hannun bawansa Musa, akwai wata 'yar gajeruwa wadda ba a cika yin wa'azi a kanta ba. An umarci duk wanda ya gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da 'yar katanga, wadda magina ke kira rawani, domin kada wani ya faɗo ya mutu, alhakin jini ya hau kan gidan. A ƙasar Isra'ila rufin gida shimfiɗaɗɗe ne. A can ake shanya, a can ake shan iska, a can mutum kan keɓe domin addu'a. Abin lura shi ne, dokar ta ɗora alhakin a kan mai gidan da ya san haɗarin ya bar shi a buɗe, ba a kan wanda ƙafarsa ta zame ba.

Wannan doka tana da magana ga kowane gidan masu bi, musamman gidan da Allah ya ba amanar yaro mai larurar Down. Iyayen irin waɗannan yara sun san wani tsoro da ba kowa ya sani ba: uwa ta juya ta sauke tukunya, kafin ta waiwayo ƙofa tana buɗe, yaro ba ya nan.

Mece ce larurar Down?

Sunan ya samo asali daga wani likitan Ingila, John Langdon Down, wanda ya bayyana alamunta a shekarar 1866. A 1959 masu bincike a Faransa suka gano sanadinta. Cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wasu ƙananan zarurruka guda 46 masu ɗauke da halayen gado, an jera su biyu biyu. Yaro mai wannan larura yana da 47, domin na lamba 21 sun zama uku maimakon biyu. Saboda haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Maris, wata na uku, domin tunawa da su, tun daga shekarar 2012. Wani bincike da aka yi a Ibadan, aka buga a 1982, ya sami yaro ɗaya mai larurar cikin kowace haihuwa 865.

Larurar tana nan tun ɗaukar ciki. Abincin da uwa ta ci bai jawo ta ba, sammu ko bakin wani bai jawo ta ba. Har yanzu akwai masu kiran irin wannan yaro ɗan ruwa, suna cewa musanya aka yi. Wannan magana ba ta da wurin zama a bakin mai bi. Sa'ad da almajirai suka tambayi Yesu a kan mutumin da aka haifa makaho, ko zunubin wa ya jawo, Ubangiji ya wanke mutumin ya kuma wanke iyayensa (Yahaya 9:1-3). Yaron nan cikin siffar Allah aka halicce shi, kamar kowane ɗan Adam.

Me ke sa su fita?

Fitar yaron ba taurin kai ba ne, ba kuma alamar rashin ƙauna a gida ba ce. Yawancin waɗannan yara sukan makara wajen fara tafiya, amma da zarar ƙafa ta yi ƙarfi sai ta riga hankali. Yaro ɗan shekara biyar yana iya ja kujera ya zare sakata, alhali bai san babur na kashewa ba. Sau da yawa akwai abin da yake bi: akuya da ta gifta, kiɗan biki, shagon mai alewa, ko hanyar da ya ga mahaifinsa ya bi da safe. Da yawa cikinsu masu sakin jiki da mutane ne, suna iya miƙa hannu ga baƙon da ba su taɓa gani ba.

Wasu abubuwa kuma suna ƙara haɗarin. Ƙarancin ji da matsalar ido sun yawaita a cikinsu, don haka yaro na iya kasa jin ƙahon mota ko kiran mahaifiyarsa. Magana kuma tana zuwa musu a makare. Yaron ya fahimci fiye da abin da bakinsa ke iya faɗa, amma idan ya ɓace ba lalle ya iya faɗin sunansa ko unguwarsu ba. Kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya, saboda haka doguwar tafiya cikin rana ba ƙaramin abu ba ne gare su.

Rawanin gida

Rigakafi ya fi magani. Aikin farko shi ne uba ya zaga gidansa da idon yaro, ya durƙusa ya ga abin da ƙaramin hannu zai iya kaiwa. A sa sakata a can saman ƙofa, a kuma rataya ƙararrawa ko gwangwani mai tsakuwa wanda zai yi ƙara duk lokacin da aka buɗe. A toshe ɓarakar danga da katangar da damina ta rushe. A gidan haya, inda ƙofa ɗaya ce ga iyalai da yawa, sai an zauna da sauran mazauna an roƙe su kowa ya ja ƙofa in ya wuce.

Sai ruwa, wanda ya fi kome haɗari. Rijiya ta sami murfi mai nauyi da kwaɗo. Randa, duro da bahon wanki kada a bar su a buɗe, gama ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya kashe ƙaramin yaro idan ya faɗa rubda ciki, kuma nutsewa ba ta da ihu. Ramin salga da ramin da aka haƙa domin gini a rufe su. Shari'ar Musa ma ta kama wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe (Fitowa 21:33-34). Idan an biya diyya saboda sa ko jaki da ya faɗa, balle ɗan mutum?

Yaron kansa yana iya koyo, sai dai da haƙuri da maimaitawa. Waɗannan yara sun fi riƙe abin da suka gani bisa abin da aka faɗa musu. A manna jar alama a ƙofa, a koya masa tsayawa a nan kowace rana har wani babba ya riƙe hannunsa. A yi amfani da kalma ɗaya gajeriya, kamar “tsaya”, kowa a gidan ya riƙa faɗinta iri ɗaya, a kuma yaba masa idan ya tsaya. A ɗinka sunansa da lambar wayar iyaye a cikin rigarsa, ko a sa masa a abin hannu. A kai shi asibiti a duba kunne da ido a kai a kai.

Akwai bambanci tsakanin rawani da kurkuku. Mai gidan da ya ja rawani bai hana mutane hawa soro ba, ya sa sun hau cikin kwanciyar rai ne. Ɗaure yaro da igiya, ko kulle shi shi kaɗai a ɗaki a tafi kasuwa, zalunci ne, haɗari ne kuma idan gobara ta tashi. Yaron da ake fita da shi kullum, yana wasa da 'yan'uwansa a fili mai tsaro, marmarin sulalewa yakan ragu gare shi.

Addu'a da tsaro

Wani zai ce, Allah ne mai tsaro. Gaskiya ne, mai kiyaye Isra'ila ba ya barci (Zabura 121). Amma sa'ad da Sanballat da Tobiya suka ƙulla makirci a kan masu gina garun Urushalima, Nehemiya ya yi abu biyu tare: ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Sa'ad da Shaiɗan ya kai Yesu ƙololuwar Haikali ya ce ya dira mala'iku za su tallafe shi, Ubangiji ya ƙi, domin yin haka gwada Allah ne (Matiyu 4:5-7). Barin rijiya a buɗe da sunan bangaskiya gwada Allah ne. Hannun da ya ɗaga cikin addu'ar safe shi ne ya kamata ya ja sakata.

Hakkin ikkilisiya

Yusufu da Maryamu masu tsoron Allah ne, duk da haka sun yi tafiyar yini guda daga Urushalima ba tare da yaron ba, suna tsammani yana cikin ayari tare da dangi. Sai bayan kwana uku suka same shi. Yesu ya san inda yake da abin da yake yi, amma tsammanin iyayensa irin wanda ke ɓatar da yara ne har yau. Wurin da mutane suka fi yawa, nan aka fi sakaci: bayan tashi daga sujada, wurin biki, babban taron zumuntar mata, hidimar Kirsimeti. Uwa tana tsammani yana wurin yayarsa, yaya tana tsammani yana wurin malamin makarantar Lahadi.

Maganin tsammani shi ne ambaton suna. A kowane lokaci babba ɗaya ne ke riƙe da yaron, idan zai tashi ya danƙa shi ga wani baki da baki, wancan ya amsa. Kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara bakwai wannan nauyi ita kaɗai. Dattawan ikkilisiya su sa mai tsaron ƙofa har ƙarshen taro, musamman inda majami'a take bakin titi. Malaman makarantar Lahadi su ƙirga yara da shiga da fita, su miƙa yaron ga iyayensa hannu da hannu. Makiyayin da ke cikin misalin Yesu ya san tunkiya ɗaya ta ɓace cikin ɗari domin yana ƙirgawa (Matiyu 18:10-14). Mata masu zumunta su karɓi yaron na sa'o'i kaɗan uwa ta huta, gama gajiyayyen ido ba ya gadi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyaye kuma kada kunya ta sa su ɓoye ɗansu. Yaron da maƙwabta, masu shago da 'yan acaɓar unguwa suka san fuskarsa da gidansu yana da masu tsaro da yawa. Wanda aka ɓoye, ko ya wuce ta gabansu ba mai tare shi.

Idan ya ɓace

Kada a tsaya neman mai laifi. A fara duba ruwa: rijiya, duro, kududdufi, kwalbati, rafi. Daga nan titi, sa'an nan wuraren da yake so. A raba masu nema, a bar mutum ɗaya a gida. A duba ƙarƙashin gado da cikin mota, domin yaron na iya jin kira ya ƙi amsawa. A nuna hotonsa na kwanan nan, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda nan da nan, kada a jira gari ya waye. Idan an same shi, a rungume shi. Dūka zai koya masa ɓuya ne idan ya ji ana kiransa. Bayan hankali ya kwanta, a nemi ɓarakar da ya bi a toshe ta.

Ubangiji Yesu ya gargaɗi almajiransa kada su raina ko ɗaya daga cikin ƙanana. Gidan da ya rufe rijiyarsa, da ikkilisiyar da ta tsare ƙofarta, sun yi biyayya da wannan gargaɗi a aikace. Bari Makiyayi Mai Kyau ya ba iyaye ƙarfi da haƙuri, ya buɗe idanun ikkilisiyarsa, ya kiyaye fitar waɗannan yara da shigarsu. Amin.