Tanbihin Muridai a kan Silsilar Iska da Ruwa da Ƙasa da Masu Rai

Muna farawa da sunan Allah, muna gode Masa, Sarkin da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya koro iska, Ya ɗora mata girgije, Ya rataya rayuwar kowane mai rai ga abin da ba shi ya yi shi ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda sunka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ku sani ya ku 'yan'uwa, Allah Shi datar da mu da ku, wuridi aikin harshe ne da zuciya, tafakkuri kuwa aikin ido ne da hankali, muridi kuwa ba shi wadatuwa da ɗaya shi bar ɗaya. Kun san silsila. Kowane muƙaddami ya karɓa daga wani, wancan ma daga wani, har ta tuƙe ga shehun ɗariƙa. Wanda duk ya ce bai karɓa daga kowa ba, mun san ƙarya shi ke yi. To abin da ni ke nufin bayyana muku cikin wannan 'yar takarda shi ne, halitta duka haka ta ke. Iska tana karɓa daga ruwa, ƙasa tana karɓa daga iska, itace shina karɓa daga ƙasa, kowa kuwa shina miƙa ma na gaba. Ɗan Adam shina tsakiyar wannan silsila da gatari a hannunsa. Shekarun da za ni ambata duka na Miladiyya ne.

Fasali na farko, cikin asalin hazo

Ka sani, ya kai muridi, hazon nan da ke rufe rana lokacin hunturu, shi tsattsage maka leɓe da dugadugai, shi bar farin gari bisa allonka da buzunka, mai yawa daga cikinsa daga ƙasar Cadi shi ke fitowa. Arewa maso gabas da tafkin Cadi akwai wani kwari, sunansa Bodele. Duwatsun Tibasti suna gefe guda, na Enedi suna gefe guda, iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakaninsu kamar yadda ta ke matsewa a bakin zuga-zugin maƙeri, ta fito da ƙarfi ta faɗa ma kwarin. Kamar kwana 100 cikin shekara ƙura tana tashi a wurin, kuma babu wani wuri guda bisa doron ƙasa da ya fi shi tayar da ƙura.

Wannan kwari kuwa gindin tafki ne a da. Kamar shekara 7,000 da sunka wuce, ruwan sama ya yawaita cikin Sahara, tafkin Cadi ya cika har faɗinsa ya kai kamar murabba'in kilomita 350,000. Dogon tudun yashin nan da ya ratsa Bama da Maiduguri, tsohon bakin gaɓarsa ne. Cikin 1987 wani makiyayi shina haƙa rijiya kusa da Dufuna ta ƙasar Yobe, sai ya iske kwalekwale binne, tsawonsa ya fi mita 8, da anka auna shekarunsa anka iske kamar 8,000 ne.

Cikin wancan ruwa akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, dangin gansakuka, ido ba shi ganinsu sai da madubin ƙara girma. Kowane ɗaya shina da ɓawo mai kama da gilashi. Sunka rayu, sunka mutu, ɓawonsu ya kwanta a gindin ruwa tare da ƙasusuwan kifi, zamani bayan zamani. Da tafkin ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa maras nauyi, ita ce iska ke ɗauka. Ashe hazon da ka ke shaƙa gawar ruwa ce, ashe ƙurar da ka ke karkaɗewa daga rawaninka ta taɓa yin rai. Tsarki ya tabbata ga Wanda ba a gushe ba a na ganin ayoyinSa.

Fasali na biyu, cikin tafiyar ƙura

Ƙurar Sahara ba ta tsayawa kanmu duka. Iska tana ɗaga ta sama, ta tura ta yamma, ta ƙetare Tekun Atalantika da ita, cikin kwana kamar 10 ta kai ta Amurka ta Kudu. Can akwai dajin Amazon, mafi yawansa cikin ƙasar Barazil, babu kurmin da ya kai shi girma a duniya. Ruwan sama ya yi masa yawa har shina wanke ƙasarsa, shi kwashe mata wani sinadari da a ke kira fosfaras, shi ne abin da manomanmu ke nema cikin takin supa. Ƙurar nan kuwa tana ɗauke da shi.

Cikin 2015 masana na hukumar NASA ta Amurka sunka bayyana abin da sunka auna da tauraron ɗan Adam daga 2007 zuwa 2013. Sunka ce kowace shekara kamar tan miliyan 182 na ƙura ke fita daga Sahara zuwa teku, kamar tan miliyan 27 daga ciki ke sauka bisa ƙasar Amazon, cikinsa da fosfaras kamar tan 22,000, wannan kuwa ya yi kusa da gwargwadon abin da ruwa ke kwashe ma dajin. Masana sun yi saɓani a kan inda mafi yawan wannan rabo ke tasowa. Waɗansu cikin 2006 sunka ce kamar rabinsa daga Bodele ne, waɗansu cikin 2020 sunka rinjayar da hamadar Aljuf ta tsakanin Muritaniya da Mali. Amma ba su saɓa ba a kan cewa hamada tana ciyar da kurmi. Abin da ya zuba cikin teku ma bai ɓata ba, domin akwai ƙarfe cikinsa, ƙananan tsirran teku suna buƙatarsa, su kuwa kifi ke ci, kuma kamar rabin iskar numfashi da tsirrai ke fitarwa a duniya daga gare su ta ke.

Fa'ida. Dubi yadda mafi talaucin wurare ke yi ma mafi wadatarsu sadaka, shi mai bayarwa bai sani ba, mai karɓa bai gode ba. Dubi kuma yadda halittar da ido ba shi gani ta mutu tun shekaru dubbai, amfaninta bai yanke ba. Kada ka rena aikin ɓoye, ya ɗan'uwa, kada kuwa ka nemi a san ka da shi. Kuma hazon nan da ke taki a can, shi ne a nan ke tsananta tari da ciwon ido, cikin lokacinsa da na zafin da ke biye da shi ne sanƙarau ke yaɗuwa, kamar annobar 1996 wadda ta kashe dubban mutane a arewacin Nijeriya. Abu guda, cuta ga wani, magani ga wani. Wanda ya san wannan, harshensa shina gajarta ga barin zagin zamani.

Fasali na uku, cikin ruwan damina da tafki

Idan bazara ta yi, rana ta gasa Sahara, iskar da ke bisa gare ta tana zafi ta tashi sama. Sai iska mai laima ta taso daga teku, kudu maso yamma, wajen Ikko da Ankara, ta biyo ta cike gurbin. Ita ce ke tura hazo baya, ita ce ke ɗauke da ruwan damina. Idan ka ce, ai mu hadari daga gabas mu ke ganin shina tasowa, sai in ce, gaskiyarka. Laima daga teku ta ke zuwa ta ƙasa-ƙasa, amma can sama akwai wata iska mai tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ke koro hadarin bayan ya haɗu. Itatuwan da ke kan hanya kuma suna tsotso ruwa da saiwarsu, su sake shi ta ganye, iska ta ƙara ɗauka ta yi gaba da shi.

Idan wannan iskar teku ta yi rauni, mu ke shan wuya. Kakanninmu sun ga Kakalaba cikin 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, shanu sunka ƙare, mutane sunka bar garuruwansu. Da fari anka aza laifin duka bisa makiyaya da manoma. Daga baya masana sunka gane babban sababi shina cikin teku, ruwan arewacin Atalantika ya yi sanyi bisa ga tekunan kudu, sai damina ta kasa hawowa arewa kamar yadda ta saba. Da yawa daga cikinsu sun tafi a kan cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ya tare ma wancan teku hasken rana, shina da hannu cikin wannan. Wanda ya hura wutar bai taɓa jin sunan Tanut ko Gumel ba, amma silsila ta kai aikinsa can.

Tafkin Cadi shi ne shaida. Kamar kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logon ne, su kuwa daga Afirka ta Tsakiya da tuddan Adamawa na Kamaru su ke tasowa. Cikin 1963 faɗinsa kamar murabba'in kilomita 25,000 ne. Tsakiyar shekarun 1980 bai kai 2,000 ba. Masuntan Baga sunka bi ruwa shina gudunsu, manomi da makiyayi sunka haɗu bisa gindin tafki kowa shina cewa nasa ne. Bayan haka damina ta ɗan gyaru, ruwa ya komo wani gwargwado, amma bai koma yadda shi ke cikin 1963 ba.

Mu ma muna da namu hannu. Kogin Kano da na Calawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, shi kuwa shi nufi tafki. Da anka gina madatsar Tiga cikin 1974, da ta Calawa cikin 1992, Kano ta sami ruwan sha da noman rani, wannan alheri ne. Amma ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da masu shinkafa na can sunka ji a jikinsu. Na sama ba shi sha sai na ƙasa ya sani.

Fasali na huɗu, cikin gawo

Kada zuciyarka ta mutu, domin silsilar da ke kai ɓarna ita ce ke kai gyara. Dubi gawo. Itatuwa suna ganye da damina, shi kuwa sai shi kaɗe nasa, shi bar ma gero rana, ganyen shi zama taki. Da rani shi yi kore, dabbobi su taru inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gona. Cikin saiwarsa akwai ƙananan halittu masu kamo naitirojin daga iska su ba ƙasa, shi ne abin da a ke saye cikin buhun yuriya. Ga iska, ga ƙasa, ga ruwa, ga dabba, ga mutum, duka sun haɗu gindin itace guda.

Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram sunka bar tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sassabe. Su kan zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su datse saura. Da wannan kaɗai, anka ƙiyasta itace kamar miliyan 200 sun tashi bisa hekta kamar miliyan 5. Iska ta rage binne shuka da yashi, mata sunka sami itacen girki kusa, dabbobi sunka sami abinci da rani. Talakawa ne sunka yi wannan, da adda da haƙuri.

Mas'ala. Idan ka ce, ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi sa'ad da Ya so, mene ne na gatarina a ciki? Sai in ce, haƙiƙa babu mai tasiri sai Allah. Iska ba ta koro girgije da ikon kanta, wuta ba ta ƙuna da ikon kanta. Amma Ya gudanar da al'adarSa bisa sabubba, kuma ladabin bawa shi ne shi girmama abin da Ubangijinsa Ya tsara. Kai da kanka ba ka barin shuka ka ce tawakkali ka ke yi. Wanda ya sare itacen gonarsa duka, iska ta kwashe ƙasar, sa'an nan ya fita roƙon ruwa, ya yi kama da wanda ya fasa tulunsa ya tafi rijiya. Idan kuma ka ce, wannan awo na waɗanda ba musulmi ba ne, sai in ce, sun auna zahiri sun kuwa ƙware, kamar yadda likita ke auna jiki. Karɓi awon, ka ƙara masa abin da ma'auni ba shi kamawa, shi ne ganin Mai yi cikin abin da Ya yi.

Rufewa, cikin wasiyya

Ina yi ma kaina wasiyya da ku da abubuwa shida. Na ɗaya, bayan wuridin safe ka zauna kaɗan ka bi silsilar lomar da za ka ci, daga tukunya zuwa gona, zuwa girgije, zuwa teku, zuwa rana, har ka tuƙe ga Wanda babu kowa bayanSa. Na biyu, kada ka sare ɗanyen itace sai da lalura, in ka sare kuwa ka rena tohonsa. Na uku, kada ka sa ma daji wuta domin ɓera ko zomo. Na huɗu, ka taƙaita ruwan alwala, kada ka zuba ƙazanta ko leda cikin rijiya da kogi da magudana, ka tuna akwai mai sha a ƙasa da kai. Na biyar, idan hazo ya sauko ka rufe ma yara da tsofaffi hanci da ƙirji, ka kai iyalinka rigakafin sanƙarau, ka kame harshenka. Na shida, kowace zawiya ta dasa itace a ƙofarta, a sa almajiri guda shi riƙa ba shi ruwan da anka yi alwala da shi.

Wanda ya lizimci wannan tafakkuri, girman kai ba shi zama cikin zuciyarsa, domin ya ga numfashinsa aro ne daga ganye, ruwan jikinsa aro ne daga teku, namansa aro ne daga ƙasa, kuma za a mayar da kowane aro ga inda anka ɗauko shi. Abin da za shi rage masa sai yadda ya riƙe amana.

Allah Shi sa mu cikin masu gyara, Shi tsare mu daga zama masu ɓarna, Shi ba mu damina mai albarka, Shi jiƙan iyayenmu da shehunnanmu da dukan musulmi. Amin.