Kofin Baba da Kofin 'Yar Aiki

A gidaje da yawa akwai kofi guda wanda kowa ya san mai shi. Na tangaran ne, mai kauri, bakinsa ya ɗan ɓare, cikinsa kuma ya rine saboda shekarun shayi da gahawa. Shi ne kofin Baba. Yaro ba ya ɗaukarsa ko ƙishirwa ta dame shi, ranar da mai shi ya kwanta dama kuwa, uwargida takan wanke shi ta mayar cikin kabad, ta hana kowa taɓawa. Kuɗinsa a kasuwa bai taka kara ya karya ba, amma ko dozin na sababbi aka ba ta a madadinsa ba za ta karɓa ba.

Dalilin a fili yake. Kofi yana taɓa leɓen mutum kowace safiya, har ya zama kamar wakilinsa. Shi ya sa ake buga masa hoton ango da amarya, ko sunan mamaci, ko shekarar babban taron zumuntar mata. Wanda ya buɗe kabad ɗin wani gida zai karanta tarihin iyalin a jikin kofuna: wa ya yi aure, wa ya yi ritaya, wa aka binne.

Sai dai a cikin gidan nan ɗaya sau da yawa akan sami wani kofi na dabam. Na roba ne wanda ya koɗe, ko kuma gwangwanin madara, ana ajiye shi a bayan ƙofar kicin ko a bakin taga ta waje. Shi ma an san mai shi: 'yar aiki, ko maigadi, ko ɗan'uwan da aka ji yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. A kan kofunan biyu magana ɗaya ake faɗi, wato nasa ne shi kaɗai. To, yaya magana ɗaya take zama girmamawa ga wani, ga wani kuma ƙasƙanci?

Hujjar da aka fi kawowa ita ce tsabta, kuma ba hujjar banza ce gaba ɗaya ba. Tsoron ƙwayoyin cuta ne ya sa wasu majami'u a Amurka suka fara amfani da ƙananan kofuna wajen Jibin Ubangiji a shekarun 1890, al'adar da ta iso ikilisiyoyi masu yawa a Nijeriya. Amma abin lura shi ne, kofunan nan duk iri ɗaya ne, a faranti ɗaya suke zuwa, ba a bambanta na fasto da na mai sharar majami'a. Ban da haka, likitoci sun tabbatar ba a ɗaukar ƙanjamau ta wurin shan ruwa da kofi ɗaya. Tarin fuka ma ta iska yake yaɗuwa. Abin da ya rage, ruwa da sabulu sun ishe shi.

Idan an kawar da tsabta, abin da ke ƙarƙashi tsohon abu ne. A Indiya, tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar waɗanda ake ɗauka ƙasƙantattu tun haihuwa, duk da haka shekaru da dama bayan haka ana ta kama masu shayi a ƙauyukan jihar Tamil Nadu suna ware musu kofuna. A Bisharar Yohanna sura 4 kuwa, abin da ya ba Basamariyar nan mamaki a bakin rijiya shi ne Bayahude ya roƙe ta ruwa, ga shi ba shi da guga. In zai sha, sai dai da abin ɗibanta.

Bambancin kofunan biyu ya tsaya a kan wanda ya yi zaɓi. Baba ne ya zaɓi nasa, in ya ga dama gobe ya sha da wani, ba mai cewa uffan. 'Yar aiki zaɓar mata aka yi, kuma ta san abin da zai biyo baya in aka gan ta da na tangaran a baki. Ita ce kuwa take tashi tun asuba ta wanke kofin Baba da hannunta, ta goge shi, ta zuba shayi ta kai masa, sa'an nan ta koma bayan ƙofa ta ɗauko gwangwaninta.